Hutun Manaja

Gwaggona ta yi shekara goma sha bakwai tana ɗinka wuyan riga a wani kamfanin ɗinki, amma har ta bar wurin Sabuwa ake ce mata. Tsokana ce ta abokan aiki, sai dai akwai gaskiya a ciki.

Ƙa'idar kamfanin ita ce, wadda ta cika wata uku a jere za a tabbatar da ita, a ba ta katin asibiti. To, babu mai cikawa. Duk bayan mako goma sha ɗaya manaja zai shigo ɗakin ɗinki da takardu, kowacce ta dangwala yatsa, ta tafi gida ta yi mako guda, ta dawo a sake ɗaukarta. Hutun manaja suke kiran abin. Gwaggo har addu'a take yi masa. Ina sakandare na ga kwafin takardar a jakarta, na ce, "Gwaggo, wannan fa cewa take kin ajiye aiki da kanki."

Ta harare ni. "Kai dai boko ya ɓata ka. Mutum ya ba ka hutu, ka ce ya kore ka?"

Ba ta taɓa gwada wuyan riga da tef ba, ido kawai, kuma ya zauna cif. Idon ne ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe na hagu, har sai ta kusa da ita ta sa mata zare a allura. Ta cire kunya ta je ofis neman katin asibiti. Manaja ya yi murmushin nan nasa da na tsana har yau, ya ce, "Haba Mama, ki bari ki cika wata ukun mana."

Da ta dawo daga hutu na gaba, wata ce a kan keken ɗinkinta.

Na ja ta zuwa ofishin ƙwadago. Jami'in ya aika aka kawo fayil ɗinta, takarda biyu kacal a ciki: ta yi mako goma sha ɗaya, ta ajiye aiki da kanta.

"Baba, wannan yatsanki ne?"

Ta kai takardar dab da idon dama. "Nawa ne, ɗana."

Ya rufe fayil ɗin, ya ce mu yi haƙuri.

A hanya ni kaɗai nake zage-zage, ita tana riƙe da hannuna saboda ramuka. Sai da muka kai ƙofar gida ta yi magana.

"Wadda aka ba kekena ɗin nan, saura mata mako uku. Jiya na ji har ta fara murnar hutu."