Agogon Zafi na Motar Baba

Shekarar da aka sauya wa motoci hannu ke nan, ana saura kaɗan naira ta kori fam, bazarar da rijiyar ƙofar gidanmu a Bukkuyum ta ƙafe har muka ga gindinta. Ni dai ban yi boko ba, amma wannan ranar ko yau ka tashe ni daga barci zan zayyana maka ita. Ina tsugune ina tsince wake sai ga Malam Ila, bakaniken Anka, ya sauko daga kekensa da wani abu naɗe a tsumma. Da ya kwance, sai ga agogo mai baƙar fuska da allura fara guda ɗaya, da dogon siririn bututun jan ƙarfe a bayansa kamar wutsiyar ɓera.

A lokacin Inna tana Gummi gidan iyayenta, tana jinyar ciwon ƙirji tun kaka. Ni nake shara, ni nake kai awaki bakin fadama, in ana gaɗa da yamma bakina ne kawai yake waƙa. Kullum Baba zai tafi Gummi da babbar motarsa ta katako sai na riƙe masa riga, shi kuwa ya ce gaban mota ba wurin yara ba ne. Motar ta taɓa ƙona inji a hanya domin agogon zafinta na asali ya mutu, shi ya sa aka kira Malam Ila.

Na ajiye waken na tsaya kansu. Malam Ila ya ɗaure bakin bututun a kan inji, ya zuro shi ta wata ƴar kafa zuwa cikin mota, yana lallaɓa shi kamar mai zare ƙaya. "Wanga ba a yanke shi, ba a ƙara shi, ba a lanƙwasa shi," in ji shi, "in ya karye ya mutu ke nan." To, bututun bai kai gaban direba ba. A can ƙarshe ya tsaya, daidai gwiwar fasinja, inda Baba ba zai gani ba sai ya saki hanya. Mamman, yaron mota, wurinsa baya ne da wejinsa na tare taya. Malam Ila ya dube ni ya yi dariya, ya ce wa Baba: "Ga mai idon shaho nan, mi kake nema?" Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce in je in wanke ƙafa, ni zan zauna gaba in faɗa masa in allura ta shiga jan layi.

Wayyo, wannan tafiya! Giginyu suna tafiya da baya, shanun Fulani suna iyo cikin kawalwalniya, ƙamshin mai da na gujiya ya cika mini hanci, amma idona yana kan allura. A raina ita ce take ja na zuwa wurin Inna. Tana ta hawa a hankali, har muka fara hango itatuwan Gummi, sai ta taɓa ja. Na san in na faɗa za a tsaya, kuma na san halin Baba, yana iya cewa a juya. Zuciyata ta ce yi shiru, ai an kusa. Bakina kuwa ya ce, "Baba, ta shiga ja!"

Muka tsaya gindin wata tsamiya. Lagireto yana huci, Mamman ya tafi neman ruwa da garwa, ni kuma na kifa kai ina kuka, ina leƙen allura tana saukowa kamar tsohuwa a kan tsani. Baba bai juya ba. Da la'asar muka shiga Gummi, na sami Inna zaune a tabarma, ta rame, amma ta tsefe mini kai ta yi mini kitso da hannunta. Shi ne kitsonta na ƙarshe a kaina.

Yanzu jikana Sanusi ya jera wa motarsa, irin mai turbo ɗin nan da ke fito in an taka ta, agoguna har uku a gefen gilashi, na iska da na mai da na zafi. Wayar lantarki ce kawai, ya ja ta duk inda ya so, ba ya buƙatar idon kowa. Duk da haka gaba nake zama, kuma ba na kallon hanya.

Baba ya tafi, Malam Ila ya tafi. Saura ni da Mamman, yana Anka, idonsa ya rufe. In na je gaishe shi, kafin ya amsa sallama sai ya ce, "Hajiya, allura ta sauka?" Ni kuwa in ce masa ta sauka, mu tafi.