Kurkunun Baffa

Ni na tsinke kurkunun Baffa, ba sai an tsaya bincike ba. Na ga wani farin abu yana leƙowa ƙarƙashin marin da ke ƙafarsa, na ɗauka zaren tsumma ne, na fizge. Ihun da ya yi, na rantse har kajin garin Yekuwa sun watse, mu kuwa muna Guci.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Tun kafin in yi wayo hankalinsa ya taɓu, aka sa masa mari aka ɗaure a turke bayan rumbu. Yana hira da ƙadangaru, yana cewa kumandan, Baturen mulki na Magaria, baransa ne. To da ya fara cewa wani abu yana yawo cikin ƙafarsa, sai aka haɗa da zancen ƙadangaru. Ya daɗe yana faɗa muna dariya. Ni har kwaikwayonsa nake yi a bakin rijiya.

A garinmu ko jariri ya san ba a jan kurkunu da ƙarfi, a tsinke ake naɗe shi kaɗan-kaɗan. Mai hankali in ya kamu, har gardi, dogarin kumandan, yakan ƙyale shi ranar ɗibar mutane aikin dole. Amma Baffa ba wanda ya taɓa duba masa ƙafa.

Da na tsinke shi, kafin a ce me, ƙafa ta zama turmi. Jikinsa kuwa in ka ɗora ƙwai sai ya dahu.

Na ce, "Baba, kurkunu ne."

Mahaifina ya ce, "Iskokin ne suka sauka ƙafa. Kawo garwashi a yi masa hayaƙi."

"Iska mai wutsiya, Baba? Ga guntunta a hannuna."

Na sha ranƙwashi, amma garwashi ban kawo ba. Na ruga kasuwa wurin wanzami.

Ya ce, "Kai yaro, ba na taɓa mahaukaci. Cizo suke."

"Da wane haƙorin, Baba wanzam? Duk sun ruɓe sun zube, su ma ba wanda ya duba."

Ya kore ni. Sai na tsaya bakin rumfarsa ina shela, duk wanda ya zo aski in gaya masa ga mai aska yana tsoron dasashi. Masu sayar da gyaɗa suka fara dariya. Ya tattara zabirarsa yana zagin kakannina, ya biyo ni.

Da ya ga ƙafar ya daina zagi. Ya ce naman ya hau kan ƙarfe, sai an cire mari.

Mahaifina ya ce, "In ya gudu fa?"

Na ce, "Da wace ƙafar?"

Aka kira maƙeri ya sare. Wanzami ya tsaga kumburin, ruwan da ya fito ya isa a yi ban ruwan albasa. Ni na riƙe kan Baffa a cinyata. Bai ciji kowa ba. Ya dai dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ai na faɗa muku."

Wanzami ya ɗaure ƙafar da tsumma.

Zazzaɓin ya sauka, gyambon ya warke, amma idon sawun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Bayan girbi mahaifina ya sa aka mayar da marin a ɗaya ƙafar.