Ranar da na ba dattijo ƙeya a Staten Island

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka sauko daga bene a Highbridge, unguwarmu ta Bronx a birnin New York, ni da dattijon da nake zaune a gidansa. Tsohon direba ne a wani ofishin jakadanci, kuma duk 'yan gida da ke unguwar Baba muke ce masa. Shi ya nace sai ya raka ni, wai ya gaji da jin ina juyi a kan katifa. Bai yi ƙarya ba, kwana bakwai ban yi barcin kirki ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Ma'aikatar gandun daji ce ta turo ni karatu, kuma cikin sharuɗɗan da ta rubuto har da takardar shaidar iya riƙe bindiga. In babu ita, shugabancin masu gadin daji da aka yi mini alkawari sai dai wani ya samu. Mako biyar ina zuwa koyon harbi, kuma harbina ba laifi. To a makon jiya malaminmu, wani tsohon soja Bature mai furfura, ya yi mini magana ta baya, ni kuma na juyo gaba ɗaya, bindiga a hannu, harsashi a ciki. Mu a gida ina aka taɓa amsa wa babba kana ba shi ƙeya? Mutum shida suka zube ƙasa don tsoro. Ya ce in na sake, ko da bisa kuskure, in ɗauki kwat ɗina in kama gabana. Asabar ɗin nan kuma ita ce jarrabawa.

Muka gangara tudu zuwa tasha, kowa ya jefa kwabbansa na santi talatin da biyar. Baba ya tsaya lissafin ko nawa ke nan a sabon kuɗin nan naira da aka fito da shi a gida bana, ya kasa, ya bari. Jirgin ƙasan duk yara sun zane shi da fenti ciki da waje, taga ma da ƙyar ake gani ta cikinta. Masu aikin dare na komawa gida, kowa ya sunkuyar da kai yana gyangyaɗi. Ni kuwa ina ta maimaita dokar a zuci: bakin bindiga gaba, buɗe sakata, ajiye, sannan ka juya.

A ƙarshen Manhattan muka hau jirgin fito zuwa tsibirin Staten Island. A duk garin nan shi kaɗai ne abin da na sani mai arha, kuɗinsa bai kai na kofi ɗaya ba. Iskar ruwan na yanka kunne. Baba ya sayo mana kofi da burodin nan mai rami a tsakiya, ya kuma hana ni kallon tsiran da ake gasawa, ya ce ba a san asalin namansa ba. Ya ciro dambun nama daga aljihu. Ya ba ni, na tauna. Mutane na ta nuna wa juna gunkin matar nan mai ɗaga wuta, ni ko kallo bai ishe ni ba.

Daga gaɓa bas ta bi da mu ta Stapleton, ta wuce kantuna da tsofaffin gidajen katako, har gidaje suka fara nisa da juna. Wanda ya saba da Bronx ba zai yarda nan ma New York ba ce. Muka sauka a bakin wata hanyar tsakuwa, muka taka zuwa filin harbin: rumfar kwano doguwa, tebura a jere, can gaba tudun ƙasa da fararen takardu masu baƙin ɗigo a tsakiya. Malamin ya gaisa da Baba, suka ja gefe suna ƙus-ƙus. Na ɗauka hirar tsofaffi ce.

Harsashi goma aka ba kowa. Biyar a kwance, biyar a tsaye. Na toshe kunne da auduga, na yi bisimilla. Na kwance suka tafi lafiya. Da na miƙe, gindin bindigar ya riƙa zamewa a kafaɗata. Malamin ya zo ya tsaya dab da ni. Na harba ɗaya, biyu, uku. Na ɗana na huɗu, na sa ido a saiti.

Sai na ji an kira sunana ta baya. Ba da lafazin Bature ba. Muryar Baba ce, da Hausa, irin kiran da uba ke yi wa ɗa in wani abu ya faru.

Wuyana da kansa ya fara karkata, na danne shi. Ya sake kira, da ƙarfi. Zuciyata ta ce ko faɗuwa ya yi, ga shi mai hawan jini. A na uku ya ce, "Kai, ba da kai nake ba?" Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na cire yatsa daga kunamar bindigar, na ja sakata, harsashin ya faɗo, na kwantar da bindigar a tebur bakinta na kallon tudu. Sannan na juya, na durƙusa a kan tsakuwa.

"Baba, ka gafarce ni."

Malamin ya dafa kafaɗata ya ce in tashi in ƙarasa biyun da suka rage. Ashe abin da suka ƙulla ke nan a gefe. Ya ce ya san in shi ya kira ni zan daure, shi ya sa ya nemi wanda ba zan iya ƙyalewa ba. Biyun ƙarshe ɗaya ya shiga baƙi, ɗaya ya ci gefe. Ya sa hannu a takardar, na ninke ta na sa a aljihun ƙirji.

A hanyar dawowa Baba bai yi magana ba har muka hau ruwa. Na zaci fushi yake, don haka na sake ba shi haƙuri. Ya kalle ni ya ce:

"Yaro, wane haƙuri? Ina kiranka ina roƙon Allah kada ka amsa. Ka manta wa ke tsaye a bayanka?"

Mun iso Highbridge bayan la'asar, ƙafafu sun yi nauyi, muka rama sallolinmu. Abin da na taho da shi daga tafiyar nan shi ne, ladabin da aka raine ni da shi ya kusa sa in kashe mutum, kuma mai bindiga a hannu girmamawar da zai fara yi wa babba ita ce ya bar shi da ransa. Masu gadin da za a ba ni duk 'ya'yan mutunci ne, kowannensu in na kira shi zai juyo da sauri. Ni ne kuma zan tsaya a bayansu.