Sista Husaina da Ƙwayar Ladan

In ta tashi daga aiki, Sista Husaina ba ta wucewa gida. Adaidaita sahu zai sauke ta a Ƙofar Mazugal, gidanta ga shi nan kusa, amma sai ta faɗa lungu. Yau Dala, gobe Dukawuya. Ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, ta durƙusa gaban mara lafiya ta ce, "Miƙo ƙafar." Ta danna idon sawu da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ya fara taruwa ke nan. Daga nan sai madafa. Ta ɗauki ludayi ta ɗanɗana miya, ta dubi matar gida.

"Ke, gishiri kika dafa kika yayyafa masa kuka?"

A yi dariya. Gobe a rage gishirin, a rage dunƙule.

Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu ciwon zuciya. Wannan yawon lungu ba ya cikin aikinta, ba wanda ya sa ta. A watan nan za ta yi ritaya. Bai kamata ta tafi shiru ba.

Ciwon haka yake. Zuciya ta gaji, ta kasa harba jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. A ba mutum gado, a janye ruwan, a sallame shi. Kafin wata ya mutu ya dawo yana haki. Dawowar nan ita ta hana Sista Husaina sukuni. Takan ce, "Mu fa ba masaukin baƙi muka buɗe ba. Wanda muka sallama, mu haɗu a biki."

Mutanen Dukawuya sun ga aikinta a kan Malam Lawal, ladanin masallacinsu. Tsoho ne. Da yawa daga masu bin sahu yanzu, da muryarsa suka tashi. A wata damina ya yi ta komawa asibiti har masu shara suka riƙa ce masa, "Malam, an dawo?" Sai dattawan masallaci suka zauna suka yanke shawara: in aka sake ba shi gado, a miƙa wa na'ibinsa Salihu lasifika gaba ɗaya, shi ya huta. Tausayi suka nufa. Malam Lawal da ya ji, sai ya ture kwanon tuwo.

Abin ya ɗaure wa Sista kai. Gishiri an rage, ita ta ɗanɗana da bakinta. Magani yana da shi. In ta ce, "Baba, kana sha?" ya ce, "Ina sha, alhamdu lillahi." Amma ƙafa kamar an hura.

Ran nan da yamma ta je gidan yana masallaci. Ta zauna tana taya matarsa, Iya Ladi, tsinkar zogale. Hira ta yi hira.

"Yana sha kam," in ji Iya Ladi. "Duka yake sha. Ban da 'yar ƙaramar farar nan."

"Me ta yi masa?"

Iya Ladi ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Karya alwala."

Ita ce ƙwayar da ke fitar da ruwa ta hanyar fitsari, wadda ya fi bukata. Da rana yake shanta, in ya ci abinci. Wata rana ta matse shi ana tsaka da la'asar, ya keta sahu ya fita a gaban jama'a. Tun daga ranar ya yi fushi da ita. Kuma dattijo kamarsa ba zai buɗe baki ya yi wa mace zancen fitsari ba, ko da kuwa zai shaƙe.

Da ya shigo, Sista ba ta yi faɗa ba.

"Baba, ashe kun ɓata da 'yar ƙaramar?"

Ya harari Iya Ladi. "Gidan nan ba a sirri."

"Bar Iya. Ƙafarka ta riga ta tona maka asiri."

Ya zauna yana mayar da numfashi. "Hajiya, ki duba fa. Ladan da buta a hannu yini guda? Ina kiran mutane su zo, ita tana kirana in fita."

Iya Ladi ta tuntsire da dariya har zogalen ya zube. Sista ta cije tata.

"Tsakanin wace salla da wace salla ka fi samun sarari?"

"Asuba da azahar mana. Ko yaro ya sani."

"To. Ƙwayar ba ta gaba da salla. Lokaci ne ba a raba musu ba."

Washegari ta kai wa likita zancen, ya amince. Malam ya riƙa shanta da an sallame asuba. Ƙwayar ta yi hidimarta da hantsi, kafin azahar ta gama. Sista ta kuma ƙara masa ɗaya: in ya zo wanke ƙafa a alwala, ya danna idon sawu. In ya lotsa, ko ya kasa kwanciya sai ya tara matasai, a kira ta ranar, kada a ce bari a gani.

An kuwa kira. Bayan wasu watanni ƙafar ta lotsa, Iya Ladi ta buga waya. Sista ta sa aka kai shi da safe. Likita ya duba, ya gyara magani, ya ce ya tafi gida. Ba gado. Ranar da bakinsa ya kira sallar magariba. Dattawa ba su sake tayar da maganar ba. Salihu yana nan a na'ibinsa. In ya hango Sista tafe sai ya ce, "Ga wadda ta tare mini ƙarin girma." Ta ce, "Yi haƙuri, Malam Salihu, layin da tsawo."

Tun daga nan ba ta sallamar kowa sai ta tambaye shi yadda yininsa yake: ɗan dako, tela, mai zaman kasuwa. Kowa da abin da yake jin nauyin faɗa.

Sista Husaina, ke ce uwar masu haki. Ke ce kika gane cewa mutum bai cika ƙin magani don taurin kai ba, wani lokaci kunya ce. Ke ce ba ki tozarta tsoho a gidansa ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya sa ki ci moriyar hutunki da lafiya.

Ku kuma masu tasowa a aikin jinya, kada ku tsaya a "Kana sha?" Ku zauna, ku tsinki zogale, ku ji sauran. Mu ma da muke da tsofaffi a gida, mu duba ƙafafunsu.

Ga Malam Lawal can ya ɗauki lasifika. Numfashin ya kai shi har ƙarshen kalma.