Karen da ke jikin motar biskit

Tun da aka kafa duniya, manyan mutane tarawa suke yi. Sarakuna sun tara ƙasashe, malamai sun tara littattafai, Fulani sun tara shanu har zama wuri ɗaya ya gagare su. Ni ma, a shekarun da nake koyarwa a makarantar elementare a Gwandu, kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, na shiga sahun waɗannan manya. Motoci na tara. Babu wadda ta wuce tafin hannu a cikinsu, amma ban taɓa karanta inda aka ce sai an auna tsawon dukiya kafin a girmama mai ita ba.

Ta farko wani Bature da ya koya mana Turanci a makarantar horon malamai ya ba ni, ranar da na karanta shafi guda ban mai da harafin p ya koma f ba, abin da ya ce bai taɓa zaton zai ji daga bakin Bakabe ba. Motar kai kaya ce irin ta Ingila, ta ƙarfe, ja, da tayoyin roba da ake iya cirewa a mayar, an rubuta sunan wani kamfanin shayi a jikinta da ruwan zinariya. Sauran daga wani kanti a Sakkwato suka zo, inda abokin karatuna yake akawu yana ɓoye mini duk wadda ta iso. Da haka na samu ta masu taya, da ta masu batir, da wata koriya ta masu sayar da keke.

Wanda bai san abin ba zai ce wasan yara ne. Ilimi ne mai ƙa'ida. Darajar irin wannan mota duk a fentinta take: in ƙwarzane ɗaya ya hau rubutun kamfanin, ta zama ƙarfe kawai. Ba a turawa a ƙasa, ba a ba yaro ya riƙe, ba a jefar da kwalin da ta zo a ciki. Na kafa musu katako a bangon ɗakina, ina share su da gashin zabo kowace Juma'a. In baƙo ya tambaya sai in ce kayan koyarwa ne, kuma ba ƙarya na yi ba, don nakan kai ɗaya aji in riƙe ta daga nesa yara su karanta haruffan.

Da damina ta wata shekara babbarsu ta iso, mai ruwan madara da jan rufi. Ta wani kamfani ce da ke gasa biskit domin karnuka. A kowane gefe an zana kare tsaye, kunnuwa a miƙe, wutsiya sama, kamar wanda aka yi wa albishir. Ban taɓa ganin fenti mai kyanta ba.

Matata ce ta fara ganin karen tana shara, ta yi dariya, ta ba Inna labari. Inna ba ta yi dariya ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta gaya wa matata, ko kaza, ko bango, alhali ina tsaye a wurin. A ranar bangon ta zaɓa. Ta shaida masa cewa kowa ya san mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, ba sa kuma shiga gidan da ke da sura, ga shi wani mai ilimi ya yi dabara ya haɗa biyun a abu ɗaya ya ɗora a katako. Ta ce ita ba za ta ɗauki azumi a gidan da mala'iku ke tsayawa a ƙofa ba. Kafin a ga wata, motar karen da ƙannenta duka su bar gidan, in ba haka ba rijiyar bayan gari tana da zurfi.

Na yi wa matata bayani mai tsawo a kan bambancin kare da hoton kare, ta kai, ta dawo da amsa gajera. Daga ƙarshe aka daidaita a kan abu ɗaya: a kai maganar gaban Kawu, yayan Inna, malamin fiƙihu a Kalgo, wanda ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Abin da ya yanke shi ke nan.

Na naɗe kowace mota a kwalinta, na jera su a kwando, na ɗaure a bayan keke na yi sammako. A hanya na wuce jakuna ɗauke da gishiri da kananzir, wato ainihin masu kai kayan ƙasarmu, ba wanda aka rubuta wa komai a jiki.

Na tarar da Kawu a zaure ya sallami ɗalibai. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida na jera motocin a bakin buzunsa na faɗi ƙarata. Ya ɗauki ta biskit ya juya ta, ya leƙa ta taga ya tambaya ko akwai mutum a ciki. Na ce babu, ko kujera ba a sa ba. Ya ce madalla, da akwai ɗan direba da magana ta ƙare tun nan. Sai ya sa na karanta masa rubutun na fassara.

"Tsaya, ɗana. Kare shina cin biskit? Har a kai mai a mota?"

Na ce haka suka rubuta, Allah gafarta Malam.

"Mu nan Kalgo kan kifi ake jefa mai, kuma ban ji wanda ya kai ƙara ba."

Ya tura ta a kan buzun, ta yi gaba, ya jawo ta ya sake turawa. Hankalina ya tashi, amma ba a hana alƙali taɓa shaida. Daga nan ya miƙe ya fita da ita rana, ya karkata ta gabas ya karkata ta yamma yana duban ƙasa, ya bi jikin karen da tsokar yatsa. Ya dawo ya zauna ya yanke hukunci dalla-dalla, kamar yana ba da karatu. Mota ba ta da rai, surarta ba komai. Surar mai rai in tana tsaye da jikinta har tana yin inuwa, wannan ita ce haram. Karen nan kuwa shafe yake a jikin ƙarfe, inuwar da ta faɗi ƙasa ta mota ce, ba tasa ba. Iyakarsa makaruhi, barinsa ya fi, amma ba a jefa dukiya rijiya saboda makaruhi. Ya ƙara da cewa, don cikar karatu, ko mai inuwar ce in ta rasa abin da ba a rayuwa sai da shi, kamar kai, hukuncin ya faɗi gaba ɗaya.

Na kwana Kalgo na komo Gwandu da kwandona cikakke. Na tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗi. Na tsaya kusa da matata na ba ta rahoto da murya mai kai wa inda ake so, daki-daki, ban rage ko wasali ba. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta gaya wa mazarinta cewa abin da yaya ya faɗa shi ne, motoci su zauna. Ta ce a tambayi mai motocin ya maimaita zancen ƙarshen nan, ba ta ji shi da kyau ba. Malami ba ya ƙin ɗalibin da ya nemi ƙari. Na maimaita, har da misalai.

Ban san ranar da na koyar da darasi da ƙarfin zuciya irin na washegari ba. Na kare ilimi da ilimi, a gaban hukumar da abokiyar shari'ata ta zaɓa da bakinta, ban ɗaga murya ba, ban ɓata wa kowa ba. Da aka tashi na dawo gida na shiga ɗaki. Motocin suna nan a katakonsu, a jere yadda na bar su, an ma share musu ƙura. An kankare kan karen da basilla, gefe biyun, har farin ƙarfe ya fito.