Simintin Fergus Tulloch

Shekara tara ke nan Fergus Tulloch, maginin ƙauyen Kilmorrow, yana warware aikin da ya yi cikin wata uku.

Yana saurayi aka ba shi gyaran bangon tsohon cocinsu. Mutanen da, da kwaɓin farar ƙasa suka liƙe duwatsun, shi kuwa ya raina musu, ya ƙwaƙule ta ya cusa siminti, dattawa har da sa masa albarka. Ashe jan dutsen nan numfashi yake yi. Farar ƙasa takan bar ruwa ya fita, siminti kuwa ya kulle shi a ciki, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya shiga ɓarewa kamar albasa.

Jikin bangon da ke kallon maƙabarta akwai allon dutse da ake sassaƙa sunayen masuntan da teku ta ci. Na can ƙasa na ubansa ne, wanda ba shi da wani kabari sai wannan layi. Sunan nan Fergus yake son ya ceta. Amma ruwa daga sama yake gangarowa, dole daga sama ya fara, da guduma da ɗan ƙarfe, taƙi bayan taƙi. Gwiwa ta gaji, kafaɗa ta gaji, shi kansa ya gaji da kansa.

Kullum ƙanwarsa Elspeth kan kawo masa shayi.

"Yaya, sauko ka sha tun bai huce ba. Ko da gudumar za mu binne ka?"

"Ai ramin ba nisa, mirgina ni kawai za ku yi."

"Fasto ya ce a kira masu inji."

"Su ƙarasa ɓarnar da na fara? Ƙyale ni, saura jeri biyu in kai ga Baba."

Ya kai, amma sai bayan ƙanƙarar farko ta Nuwamba. Sunaye shida na sama suna nan garau, aikinsa ya cece su. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa babban yatsa a hankali zai share gansakuka daga na bakwai, na ubansa. Fuskar dutsen ta biyo yatsan, ta marmashe masa a hannu. Babu ko harafi ɗaya da ya rage.

Elspeth na tsaye bayansa. Ta ajiye kofin bisa wani kabari, ta miƙo tafinta. Ya juye mata jan yashin a ciki, don ya rasa inda zai zubar.