Zaren da Ba a Ƙulle Ba

Aiki ne ya sa na koyi Sifaniyanci. Ina aikin tafinta a wani ofishin kula da alhazai a unguwar Aziziyya ta Makka, kuma duk shekara muna karɓar baƙi daga Sifaniya da Kudancin Amurka waɗanda ba sa jin Larabci. Na iya raka mara lafiya asibiti in faɗi inda ke masa ciwo, amma da hira ta wuce batun bas da masauki sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa bayan Hajjin bara na shiga wani aji a intanet na waɗanda suka yi nisa a harshen. Malamarmu dattijuwa ce 'yar Ajantina. Darasin na finafinai ne, kan yadda masu mulki ke danne jama'a da yadda jama'a ke bijire musu. Kowane mako mu kalli fim ɗaya, ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu mu yi muhawara.

Mu tara ne a ajin. Akwai wani lauya Bajamushe da ya fi kowa baki, kafin in gama haɗa jimla a raina ya yi uku. Mako biyar ban ce komai ba in ban da gaisuwa. A na shida malama ta ce ni zan buɗe muhawara.

Fim ɗin tsoho ne, mara launi. Sojoji sun mamaye wani ƙauye a kan duwatsu, suka tara matan garin a ɗaki ɗaya suna ɗinka musu kaki. Kwamanda ya shigo ya daka tsawa, su sunkuyar da kai su amsa da ladabi. Har aka gama babu wadda ta ɗaga murya. Na cika shafi biyu ina bayanin cewa wannan labarin mutanen da aka karya ne.

Ranar Juma'a bayan abincin rana na sake kunna shi a falonmu na unguwar Utaibiyya. Falon nan shi ne kuma ɗakin ɗinkin Umma, mahaifiyata, wadda ta zo Makka ta Sudan tana budurwa, tun lokacin kuma allura ba ta bar hannunta ba. Tana gefena tana warware bakin wata jallabiya, sai na ji ta fashe da dariya.

"Ke, mayar da shi baya."

"Umma, ai ba kya jin abin da suke faɗa."

"Ina ruwana da bakinsu? Hannu nake kallo. Mayar, na ce."

Na mayar. Wata mata ce ke ɗinka maɓalli a rigar soja. Umma ta sa yatsa a kan kwamfutar.

"Kin gani? Ta zagaya, ta zagaya, ta yanke. Ina ƙullin? Cusa bakin zaren kawai ta yi. Wallahi matar nan 'yar duniya ce."

Ban gane ba, sai ta ɗauko ƙyalle ta ɗinka maɓalli kamar yadda matar ta yi, ta miƙo mini. Ido bai ga aibinsa ba. Na ja sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya faɗo cinyata.

Muka koma farko muka bi fim ɗin tare, ni ina fassara mata magana, ita tana fassara mini hannuwa. Duk inda aka nuna kaki, babu ƙulli. Wuri ɗaya matar nan ta zauna a gida tana gyara rigar mijinta, a nan ta ƙulle sau biyu ta ciji zaren. A faretin ƙarshe kuwa, kwamandan na tsaye dafe da ƙirjinsa, ni da na ɗauka girmama tuta yake yi.

"Wace tuta?" in ji Umma. "Rigarsa yake riƙewa kada tumbinsa ya fito."

Na yaga shafuka biyun nan na sake rubutu.

Ranar Asabar ina fara magana na kuskure aikatau biyu a jimlar farko. Ban tsaya gyarawa ba. Na ce matan nan ba a karya su ba, sun ba wa kwamanda bakinsu ne suka riƙe hannuwansu. Ina rufe baki lauyan ya ce wannan tsawaita fassara ce, ƙila dai 'yar wasan ba ta iya ɗinki ba.

Akwai wani salon jimla a Sifaniyanci, na "da a ce", wanda na daɗe ina gudunsa. Ranar ya fito mini sumul.

"Da a ce ba ta iya ba," na ce, "da ba ta ƙulle na rigar mijinta ba. A duba minti na arba'in."

Malama ta kunno wurin kowa ya gani, sannan ta koma ɗakin ɗinki, sannan fareti. Wata likita daga Japan ce ta fara dariya, sauran suka biyo. Lauyan ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sallama. Malama ta cire tabarau ta ce shekaru da yawa tana koyar da fim ɗin nan, ba ta taɓa lura ba. Ta tambaye ni a wane littafi na karanta.

Na ce ba littafi ba ne, mahaifiyata ce, ga ta nan bakin kekenta na ɗinki.

Suka nace sai sun gan ta. Umma ta yi ta "a'a, a'a", amma tana faɗa tana gyara mayafi. Ta zauna gabana ta yi musu sallama. Malama ta tambaye ta ko ita ma ta taɓa yin irin wannan ɗinkin.

"Gaya mata astagfirullah, ni amana nake riƙewa," in ji Umma. "Amma ki ƙara mata da cewa babu mai ɗinkin da ba ta san yadda ake yi ba. Duk mai hankali ba ya wulaƙanta wanda ke ɗinka masa wando."

Na juya shi zuwa Sifaniyanci kai tsaye, ban bi ta Larabci ba, kuma suka yi dariya daidai inda ya kamata. Sauran lokacin ajin duk a kanta ya ƙare, suna tambaya tana amsawa, ni a tsakiya. Sai da aka rufe na lura ban buɗe ƙamus ko sau ɗaya ba.

A ƙarshen zango na fito da sakamako mafi kyau a ajin. Umma ba ta damu da takardar ba. Abin da ya fi mata daɗi shi ne ranar da maƙwabciyarmu ta zo karɓar ɗinkinta na biki tana ƙorafin an makara. Umma ta dube ta ta ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ayyuka ne suka yi mini yawa. Kwanan nan har Turawa nake koya wa karatu."